Dakan Kunne

Azumin bana cikin sanyi ya same mu a Rillieux, nan gefen birnin Lyon a ƙasar Faransa. In na leƙa ta tagar kicin da safe, motocin da ke ƙasa duk sun yi fari da ƙanƙara, itatuwan unguwa kuwa tsirara suke, ko ganye ɗaya babu na rantsuwa. Azumi ne marar ƙishi, sai dai yunwar sanyi da ke sa mutum ya fara kewaya tukunya tun la'asar. Inna, mahaifiyata, tana wurinmu. Mun ɗauko ta daga Maradi don a yi mata aikin ido, an yi na dama an liƙe shi da auduga, na hagun kuwa tun da can hazo-hazo yake gani. Wuni take yi a kujera cikin bargo biyu da tasbaha a hannu. Ido ya tafi hutu, amma kunnenta ya fi na zomo.

Tun da ta sauka ban bar ganye ya shiga kwanonta ba. Yau kaza, gobe naman rago, jibi kifi da shinkafa, har ta taɓa tambayata ko ƙasar nan ba ta tsirar da komai ne sai kaji. Na yi dariya na sauya zance. Sai ga waya daga Nafisa, babbar 'yata, wadda ke aiki a Paris tana zaune a Belleville. Wai ta samu ɗanyen ganyen rogo a wani shago na unguwarsu, za ta hawo jirgin ƙasa ranar Asabar da shi da kwakwa, in koya mata mataba, miyar tsibirin nan da babanta ya ishe su da labarinta tun suna yara.

"Maman, c'est frais, ɗanye ne shar, jiya jiya ya sauka daga jirgi. Kaka za ta so shi."

Na ce mata to, Allah ya kawo ta lafiya. Na ajiye wayar ina neman mafita, don wannan miyar sai an daka, ni kuwa ban taɓa yin daka Inna tana ji ba tun ina 'yar shekara tara.

Shekara ashirin da wani abu ke nan da na fara ganin miyar. Ina amarya, mijina Malam Issa ya gama karatun lissafi a Lyon, aka ba shi koyarwa a Mayotte, wani tsibiri can cikin tekun da ke gabas da Afirka. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Maradi ba, wanda shi ma rabin shekara rairayi ne, sai ga ni a wurin da ko ina ka juya ruwa ne ya tare ka. Muka kama hayar ɗaki biyu a bayan gidan wata tsohuwa, Koko Zaina. A yarensu koko kaka ake nufi. A can mata ne masu gida, miji baƙo ne, in ya cika wargi a miƙo masa jakarsa. Koko gajeruwa ce, fuskarta kullum shafe da wani farin ƙullin itace da matan can ke sawa saboda rana, kuma tana da 'yar Faransancinta ta tsince-tsince da ta samo lokacin da take yi wa Turawa girki tana budurwa. Da ita muke lallaɓawa, sauran mu cike da hannu.

Ba mu daɗe da sauka ba azumi ya kama, a tsakiyar zafinsu da damunarsu, don su a haɗe suke zuwa. Ni 'yar zafi ce, amma wannan ba irin namu ba ne da ke busar da mutum. Zafi ne jiƙaƙƙe, kamar an kifa maka tukunyar dambu. Ka yi wanka ka fito, kafin ka ɗaura zane ka sake jiƙewa. Wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba, gishiri ya zama ruwa a cikin gwangwani, takalmin Issa na fata har fumfuna ya yi a ƙarƙashin gado. Da azahar sai hadari ya taso daga teku, ruwa ya kece a kan kwanon rufi har ba ka jin mai magana kusa da kai, jar ƙasa ta gangaro daga dutse ta rina hanya. Mai azumi yana zaune leɓe a bushe, ruwa yana zuba a gabansa kamar da gayya.

Gidan Koko Zaina kullum tsarinsa ɗaya. Bayan sallar asuba ita da surukarta su ɗauki adda su hau dutse zuwa gona. Ranar da na fara ganin gonar ban yarda gona ba ce, don babu layi, babu iyaka, komai ya hau kan ɗan'uwansa: ayaba a gindin mangwaro, rogo a gindin ayaba, barkono da kabewa suna rarrafe inda suka ga dama, kwakwa a can sama tana kallon kowa. Kafin rana ta yi ƙarfi sun sauko da abin da za a ci ranar, ba ƙari. Kan ɗanyar ayaba, saiwar rogo da ƙasarta, ɗaurin ganye, da wani ɗan itace kore mai girman kan yaro da ake gasawa a wuta, cikinsa kamar doya. Da la'asar masunta su dawo, mata su gangara bakin ruwa da kwanoni, su dawo da kifin da bai gama mutuwa ba. Daga nan sai a zauna kan 'yar kujera mai haƙoran ƙarfe a goge kwakwa, a matse madararta, turame kuma su fara amsa wa juna daga gida zuwa gida. Ganyen rogo suke dakawa har ya yi laushi, a dafa shi da madarar kwakwa da kifi, ya daɗe yana tafasa. Shi ne mataba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ban ga rumbu ko ɗaya ba a duk garin. Na tambayi Koko ina take ajiye abincin baɗi. Ta daɗe kafin ta gane tambayar, sannan ta nuna dutse da haɓa, ta ce nata rumbun a tsaye yake da saiwarsa. Na koma ɗaki ina jin tausayinsu, ina cewa mutanen nan ba su san duniya ba.

Da magariba maƙwabta kan shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Koko, kowa ya fito da abin da ya dafa a sha ruwa tare. Issa kam ya samu gari. Ya naɗe hannun riga ya zauna cikin maza, yana ci yana santi, har ya koyi yadda ake cewa a ƙaro kafin ya koyi gaisuwa. Ni kuwa a ɗaki nake, da shinkafar kanti, da makaroni, da sardin na gwangwani, da daskararrun fukafukan kaji da jirgin ruwa ke kawowa daga wata uwa duniya. Kullum Koko sai ta aiko mini da kwano. In tsince kifin da soyayyar ayabar, in tura wa Issa ganyen. Na ce masa ganye yana ɓata mini ciki. Ya yarda, don shi ɗan ma'aikaci ne, a birnin Damagaram ya tashi, bai taɓa kwana da yunwar da ba ta azumi ba. Kuma lokacin da yake nemana na gaya masa ubana mai rumbu uku ne, wanda gaskiya ne, sai dai ban gaya masa akwai shekarar da aka share ukun da tsintsiya ba.

A ƙauyenmu ne, arewa da Maradi. Damuna ta yi ƙarya, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Kafin bazara ta gaba an sayar da awaki, an sayar da kwanonin jeren Inna, rumbunan Baba suka zama wurin kwanan kaji, kajin ma suka ƙare. Zafi ya sauko, rijiya ta ja baya, guga yana dawowa da laka. Muka koma daji. Da sassafe, kafin mutane su fito, ni da Inna mu bi ta bayan gari mu tsinko 'ya'yan anza, a jiƙa su ana sauya ruwa har ɗacin ya ragu. Da ruwan fari ya sauka sai tafasa da yaɗiya da duk wani ganye da akuya za ta ci ba ta mutu ba. A cikin ɗaki Inna ke dafawa, ta saki asabari, babu ƙuli, babu mai, wani lokaci babu gishiri. Ka ci ciki ya cika, ka miƙe ka ji ƙafa ba ta ɗauke ka. Har yau in na tuna warin tafasasshen ganye a rufaffen ɗaki sai yawu mai ɗaci ya taru mini a baki.

Amma duk la'asar sai an yi daka a gidanmu. Inna ta zuba ƙaiƙayi a turmi, wanda ta kwaso daga tsohon masussuki, ta ɗauki taɓarya. Da ƙarfinta ya fara gazawa sai ta koya mini, ta sa mini dutse in taka don in kai. Ta nuna mini yadda ake ɗaga taɓarya sama sosai, a sake ta a tafa hannu, a cafe, amma in ta kusa ƙasa a riƙe ta kaɗan, don kada ƙaiƙayin ya tashi, kada turmin ya yi kukan wofi. Da mun fara sai in ji turmin Hawa maƙwabciyarmu ya ɗauka ta bayan danga, sai na gaba da ita, sai na gaba. Ina daka ina haɗiyar yawu, ina cewa a raina kowa a garin nan gero yake dakawa sai mu. Wata rana Inna ta kama kunnena, ba da zafi ba, ta ce abin da turmin nan ya ci kada ya fita daga bakina har abada. Shekarar da ta biyo baya aka kai ni Maradi wurin gwaggona don lakwal, wato makarantar boko, a garin da inji ake kai niƙa. Dakan da na koya a duniya ke nan, ban sake koyon wani ba.

To wannan ce na ɗauko har tsibiri. Duk sa'ad da na ga Koko ta sauko daga dutse da ɗaurin ganye a ka, tana gaisawa da mutane a tsakiyar hanya ba ta ko rufe shi da zane ba, sai in ji kunya ta kama ni a madadinta.

Azumi ya raba tsakiya sai iska ta zo. Tun da safe sama ta yi wata irin ja, masunta suka janye kwale-kwalensu har cikin gari, aka ɗora duwatsu a kan rufi. Iskar ta wuni tana kaɗawa da ruwa a kwance, wutar lantarki ta tafi, teku yana ruri kamar shanu dubu. Da ta lafa sai aka ce jirgin kaya ba zai iya shigowa ba sai teku ya kwanta, kuma hanyar babban gari ta rufe da laka. Kantin unguwa ya fara yashewa. Shinkafa ta fara ƙarewa, sai makaroni, sai gwangwanaye, fukafukan kajina kuwa suka narke suka yi wari aka zubar. Na tsaya gaban katakon kanti babu komai a kai sai sabulu da ashana, sai rumbunan Baba suka faɗo mini a rai.

Mutanen gari kuwa aiki ne ya yi musu yawa, ba yunwa ba. Iska ta kayar da ayaba, ta karkaɗo kwakwa da mangwaro, dole a kwashe kafin su ruɓe. Maza da mata suka hau dutse cikin santsi, ana sara ana ɗauka, ana miƙa wa gidan da rufinsa ya yaye. Ko ina ƙanshin ɗanyen itace da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Babu kifi, don ba mai shiga ruwa, amma hayaƙi yana tashi daga kowane gida. Ni ce kaɗai mai yunwa a garin, ni da nake tausayin marasa rumbu.

Koko ta shigo da la'asar ta same ni zaune gaban tukunya wankakkiya. Ta dubi tukunyar ta kawar da kai, kamar yadda mutumin kirki ke yi. Ta ce surukarta ta tafi taya uwarta gyaran rufi, ita kuma kafaɗarta tana ciwo, ko zan taimaka mata da daka? Na san ba kafaɗa ba ce, don da safe na ga ta ɗauko kan ayaba da ya kusa girmana. Na tashi na bi ta.

Ta cika turmi da ganye ta miƙo mini taɓarya. Hannuna bai manta ba. Na ɗaga, na saki, na tafa, na cafe, turmi ya ɗauki kiɗa mai daɗi har matan maƙwabta suka leƙo ta kan shinge suna dariya suna yaba baƙuwa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Da na tsaya Koko ta leƙa turmin ta sa hannu ta juya. Ganyen yana nan kusan yadda ta zuba shi, ya dai ɗan yi laushi a sama. Ta ce in ƙara. Na ƙara, gumi yana shiga mini ido, ita kuma ba turmin take kallo ba, hannuna take kallo. Ta jira matan suka koma ayyukansu, sannan ta matso ta riƙe taɓaryar.

"Ke dakan kunne kike yi, ba na tukunya ba," in ji ta, a hankali. "Me kuke zubawa a ciki, can garinku?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na yi shekaru ina gyara harshe, ina gyara tufa, na haye teku biyu, ashe abin yana nan a wuyan hannuna, duk mace mai turmi tana iya karantawa. Na buɗe baki in ce ban saba da ganye ba ne, sai kuka ya riga maganar fita. Na zauna a kan kujerar gugar kwakwa, da azumi a bakina, na gaya wa baƙuwar tsohuwa abin da uwata ta ce kada ya fita. Ban san nawa ta gane ba. Ba ta ce kaito ba, ba ta ba ni haƙuri ba. Ta dai ɗaga ni, ta tsaya a bayana ta ɗora hannuwanta a kan nawa, ta ce turminta ya girme ni bai fashe ba, in buga. Muka buga tare har koren ruwa ya fito ya fantsama mini a zane.

Na roƙe ta kada ta gaya wa mijina. Ta ce Faransancinta bai kai nan ba.

Ranar na fito tabarma na sha ruwa cikin mata. Aka zuba mini mataba a kan dafaffiyar ayaba, babu ko kifi a ciki, ganye ne da kwakwa da barkono. Na kai loma ta farko ina jiran ɗacin nan ya taso. Bai taso ba. Miya ce mai maiƙo, mai gardi, tana da ƙanshin abin da aka tsinko da safe. Na cinye na suɗe hannu, kuma wannan ma kunya ta ba ni, sai na ji kamar na ci amanar Inna sau biyu a wuni ɗaya. Issa ya hango ni daga wurin maza ya ce ashe cikin ya warke. Na ce iskar ce ta tafi da ciwon.

Sauran azumin tare da su na yi shi. Na hau dutse, na koyi wane rogo ake ci da wane ake jiƙawa, na koyi korar 'yan birai masu manyan idanu da ke rigan mu ga gwanda. Jirgi ya zo, kanti ya cika, ban koma layin shinkafa da gudu ba. Shekara uku muka yi a can, kuma ban taɓa cin abinci mai daɗin na shekarun nan ba. Amma hannun bai warke duka ba. In na sa hankali ina bugawa sosai, in hankalina ya tafi wani wuri sai in ji Koko ta yi gyaran murya daga bakin murhu.

Da muka dawo Lyon sai na samu hujja biyu. Babu ganyen, kuma a bene muke, hawa na huɗu, da wata Madam a ƙarƙashinmu wadda ko cokali ya faɗi sai ta buga mana silin da sandar tsintsiya. Muna da turmi, wata 'yar Mali ce ta bar mana da za ta tashi, amma a baranda yake zaune, in dakan yaji ya kama sai in ninka tawul in sa a ƙarƙashinsa. A ƙauyenmu mun yi ta neman a ji mu, a nan kuma neman kada a ji mu muke yi.

Ranar Asabar Nafisa ta iso da jakarta, ganye yana leƙowa ta baki. Ta durƙusa ta gaida kakarta da Hausarta mai ɗingishi, Inna tana tsokanarta wai kishiyarta ta zo. Da la'asar muka tsinke ganyen muka wanke, aka shigo da turmi kicin, na sa tawul. Nafisa ta yi bugu kaɗan ta ce kafaɗarta ta mutu, a sa a na'urar markaɗe mana. Babanta ya ɗago daga falo ya ce in aka sa a na'ura shi ba zai ci ba. Ba yadda zan yi, na karɓi taɓarya. Na ce wa kaina zan sa hankali. Amma ina tunanin Madam ta ƙasa, ina tunanin Inna da ke bayan bango, ban san lokacin da hannun ya koma gidansa ba.

"Rabi."

"Na'am, Inna."

"Wanga daka na san shi."

Na tsaya da taɓarya a sama. Nafisa ta ce wane daka, Kaka? Ƙofar kicin a buɗe take, ina ganin Issa ya sauke jaridarsa. Inna kuwa, kamar mai ba da labarin kasuwa, ta gaya musu duka: anza, tafasa a rufaffen ɗaki, ƙaiƙayi, dutsen da nake takawa. Ni da shekara hamsin a duniya, da 'ya mai aiki a Paris, na tsaya ina kallon tayil ɗin ƙasa. Ban iya duban mijina ba. Da ta kai aya na ce ai ita ce ta ce kada ya fita daga bakina.

"Na ce, don ke yarinya ce, bakin yaro ba shi da ƙyaure. Amma wa kike zaton bai sani ba? Hawa mi take dakawa? Ƙaiƙayin ma tare muka kwaso shi, muka raba."

Na ce to don wa ake yi, in kowa ya sani?

Ta gyara bargonta. Ta ce don Baba, da sauran mazan da ke zaune a dakalin masallaci daga la'asar zuwa magariba ba su da abin kawowa gida. Namiji in ya ji turmin gidansa shiru, ba ya iya ɗaga kai ya amsa gaisuwa, daga nan sai ya sa ƙafa ya bar gari, wasu ba su dawowa. Su ma mazan sun sani, in ji ta, ba wawaye ba ne. Amma in turmi yana tashi, mutum yana iya zama cikin mutane har gobe. Shi ya sa in ɗaya ta fara sai sauran su amsa mata, don kada a bar turmin kowa shi kaɗai.

Issa ya ce Allah ya jiƙan Baba, muka ce amin, bai ƙara komai ba, kuma na gode masa da wannan. Ni dai abin da ke cina daban ne. Shekara arba'in ina ɗauke da abin nan a matsayin ƙaryar gidanmu, ina ɓoye shi kamar kuturta, ashe aikin gayya ne matan gari suka yi, har da ni a ciki ban sani ba. Na ji kunyar Hawa, wadda na yi ta yi wa hassadar geron da ba ta da shi, ta kuma rasu ban taɓa aika mata ko sabulu ba.

Inna ta tambaya mene ne a turmin. Nafisa ta ce ganyen rogo. Tsohuwa ta yi salati, ta ce tun da ta zo take mafarkin ganye, kajin nan sun ishe ta har ta fara jin tana shirin yin cara, kunya ce ta hana ta faɗa, kada a ce ta raina abincin suruki. Sannan ta juyo da fuskarta mai auduga wajen kicin.

"Akwai tsumma ƙarƙashin turmin nan, ina ji. Fidda shi. Kuma ki saki hannunki, Rabi, yau da abu ciki."

Na janye tawul ɗin na buga. Turmi ya amsa har kofuna suka motsa a kan kanta, ƙanshin ɗanyen ganye ya tashi ya cika kicin, koren ruwa ya fara fitowa. Ba a jima ba sai ga sandar Madam daga ƙasa, ƙwan, ƙwan, ƙwan. Nafisa ta dafe baki. Inna ta karkata kai tana saurare, ta tambaya wace ce wannan. Na ce maƙwabciyarmu ce ta ƙasa.

"Ashe nan ma ana amsawa," in ji Inna. "In an sauke, a fara zuba nata a kai mata."